Kwalba Mai Wuyan Kaba

Da ban kashe wutar murhuna ba a shekarar farin nan, da Lami tana nan da ranta? Na tambayi malamai, sun ce kwana ne ya ƙare. Na yarda, ba na jayayya da ikon Allah. Amma duk sanda na zauna ni kaɗai sai tambayar ta dawo, har yau kuwa ban samo mata amsa ba.

Ku 'yan matan da kuka zo kuna cewa in koya muku suyar man kifi, wai kun ji masu ciki suna nemansa, wai ai abin kifi ne da wuta da kwalba, ku gyara zama. Ni ban yi karatu ba. Wannan da ke kan takarda bakina ne ya faɗa, hannun wata ya rubuta. Sunana Tabawa. An haife ni a ƙasar Kaugama, gidan manoma, aure ya kai ni wani ƙauye a bakin fadama kusa da Guri, gidan masunta. A can na yi sana'ata, a can kuma na ajiye ta.

Tukunyar farko da na ɗora zubar da ita aka yi. Wadda ta koya mini aikin ita ce Ya Kaltume, gwaggon maigidana, Bamangiya, gajeruwa, bakinta kullum ja da goro. Ranar da aka kai ni gabanta ta kama hannuwana ta jujjuya, ta ce, "Wai! An kawo mana 'yar tudu. Wannan hannun sussuka ne. Ke 'yar nan, kin san kan kifi da wutsiyarsa kuwa?" Kaka guda ba ta bar ni na taɓa murhu ba, sai fiɗa. Kifin da ake yin man da shi kawara ne, ɗan ƙarami, bai wuce tafin hannu ba. Za ki tsaga cikinsa da 'yar siririyar wuƙa, ki zare farin kitsen da ke manne da hanji, ki ware hanta gefe, ki ɗauke 'yar jakar ɗaci ba tare da ta fashe ba. Ki yi wa ɗaya, ki yi wa na biyu, har kwando ya ƙare, ƙaya tana sukar yatsunki, ƙuda yana bin idonki. Da ta ba ni izinin ɗora tukunya, ashe na fasa ɗaci guda ban lura ba. Man ya fito kyakkyawa a ido. Ta ɗebo a ludayi ta miƙo mini.

"Sha."

Na kurɓa, na tofar.

"Haɗiyewa za ki yi. Wadda za ki sayar wa haɗiyewa za ta yi, ga kuma wani a cikinta da ba shi da bakin tofarwa."

Na haɗiye. Ban sake fasa ɗaci na bar shi ya shiga tukunya ba.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dokarsa. Tukunyar ƙasa ce, wadda ba ta taɓa ganin miya ba, don gishiri da yaji suna maƙalewa a jikinta. Ana zuba ruwa, a sa kitsen, a bar shi a kan wuta mai sanyi ta kirare, ba ta manyan itatuwa ba. In kika yi gaggawa ya tafasa da ƙarfi, kin ƙona shi. Man zai taso sama a hankali, ki riƙa kwashewa da ludayin duma. Daga nan ki mai da shi kasko, ki ɗumama har ya daina tsartsatsi, alamar ruwan jikinsa ya fita. Ki tace da farin ƙyalle. Kwalba kuwa sai an wanke ta da toka, an kife ta a rana ta bushe ƙarau, domin ɗigon ruwa ɗaya yakan juyar da man kafin wata ya mutu. Bayan an cika a toshe da totuwa, a binne gindinta a rairayi mai sanyi a ƙuryar ɗaki. Rana abokiyar gabar man kifi ce. Wanda ya juya za ki ji yana kartar maƙogwaro, wannan sai dai a shafa wa fatar kirgi.

Ba kuma kowane lokaci ake yi ba. Da damina ruwa yakan haura ya rufe fadama, tun daga wajen Hadeja har inda ido ba ya kaiwa. Kawara ta bi ruwan ta shiga cikin ciyawa tana cin 'ya'yanta. In kaka ta yi, ruwa ya fara janyewa, sai ta fito cikinta fari fat. Waɗannan 'yan kwanakin su ne kasuwarmu ta shekara. Malam, maigidana, Allah ya jiƙansa, yakan kife a kan ƙaton gora a cikin ruwa da komarsa tun hantsi bai ɗaga ba, ya kawo mini kifin yana motsi. Ya Kaltume ta ɗora ni a kan magana guda: kada ki soya kifin da ba ki san yadda ya mutu ba. A lokacin na ɗauka tsufa ne kawai. Wa zai kashe kifi in ba koma da ƙugiya ba?

Mace ta farko da na ba wa man da hannuna, surukarta ce ta kawo ta a kan jaki. Cikinta ya tsufa, fuskarta ta yi fari, ga dundumi. In kun san dundumi, shi ne mace tana gani lafiya da rana, amma da magariba ta yi sai duniya ta rufe mata, ta riƙa laluben bango, ta yi karo da randa. Masu ciki yakan kama, musamman a gidan da tuwo da miyar kuka ne safe da yamma. Na ce a ba ta ƙaramin cokali ɗaya a cikin kunu da safe, kada a ƙara. Kafin kasuwa ta zagayo sau biyu ta zo da ƙafarta, ta ce jiya ita ta kore kaji zuwa akurki da magariba. Daga nan labari ya bazu. Mata suka riƙa aikowa daga Guri, daga Kaugama, daga Malam Madori, har cikin birnin Hadeja.

Ranar wata kasuwa na shimfiɗa kayana a inuwar wata bishiya kusa da inda mata ke zuwa awon ciki a Hadeja, sai ga ma'aikaciyar wurin ta fito da farar rigarta ta nufo ni. Sista Rifkatu ake ce mata, Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, mijinta malamin makaranta. Na fara tattara kwalabena, don na ɗauka kora ce.

"Mama, ina za ki? Ko na yi kama da ɗan sanda?"

"A'a, ranki ya daɗe, na ga kamar na tare muku hanya."

Ta ɗauki kwalba ta ɗaga ta a rana, ta buɗe ta shinshina. "Da hanta kike soyawa?"

Na ce a'a, muna warewa, don tana baƙanta man, tana kuma sa shi saurin lalacewa. Ta ce to in ƙara riƙe wannan da kyau. Ta ce man hanta ƙarfinsa ya yi wa ɗan da ke ciki yawa, in aka yawaita shi yana iya taɓa halittarsa. Ban san da haka ba sai ranar. Ga shi kuwa wasu masu sana'ar da gangan suke sa hanta, saboda masu saye suna son mai duhu, wai shi ne mai ƙarfi.

Ita ma tana da tata damuwar. Tana ba mata jar ƙwaya ta ƙarin jini da wata 'yar ƙarama rawaya, su kuwa suna zuwa gida su watsa su bayan randa, wai suna sa yaro ya yi ƙato ya ƙi fita. Ta ce, "Mama, ke suna jin maganarki. Manki ba zai yi aikin ƙwayata ba, ƙwayata ba za ta yi aikin manki ba. In mace ta haihu ba jini a jikinta, ba kwalbar da za ta tsayar da ita." Muka ƙulla: ba na ba wa mace kwalba sai ta je awo, sai kuma tana shan ƙwayar. Na ce to yaya zan gane mai yi mini ƙarya? Ta yi dariya ta raɗa mini a kunne. Daga ranar, duk wadda ta ce tana sha sai in ce, "To, bayan gidanki wane launi ne?" Mai sha ta san yakan yi baƙi. Wadda ba ta sha sai ta rufe fuska ta ce, "Haba Inna Tabawa, wannan wace irin tambaya ce tsakar kasuwa?" In ce, "Koma ki tono su daga bayan randa tukuna." Wadda ƙafarta ta kumbura kuwa, ko mai yawan ciwon kai, ba na ma ba ta komai, wajen Sista nake tura ta.

A shekarun nan ne masu tallan magani a faranti suka yawaita. Za ki ga ƙwayoyin man kifi masu sheƙi kamar tsakiya, an zube su a rana ba kwali ba takarda, har sun narke sun manne da juna, mai tallan yana cewa suna maganin rashin jini da basir da ciwon baya. Na taɓa karɓar wasu na huda da allura. Wata warin tsufa take yi, wata kuwa man gyaɗa ne zalla. Na kai wa Sista, ta ce in gaya wa mata: abin da ba daga wurin awo ya fito ba, ko ba a kai an nuna musu ba, kada mai ciki ta kai shi baki.

Saboda irin waɗannan ne Malam ya yi wa kwalabena alama. Yakan saƙa kaba a wuyan kowace kwalba, saƙar tufka uku da wani ƙulli nasa na masunta da ba wanda ya iya kwancewa. Matan da ba su iya karanta takarda ba, wannan suke karantawa. In mai ya ƙare su ajiye mini kwalbar, in na zagayo da kaka in karɓa in ba da cikakkiya. Haka kwalabena suka watsu a gidaje, gari gari.

Yanzu sai in gaya muku wace ce Lami. Ita ce 'yata ta fari. Sunanta na yanka ba na faɗa, Lami muke ce mata don ranar Alhamis ta zo. Ku na yanzu ba ku san kunyar ɗan fari yadda muka san ta ba. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban mutane, ba na zama in yi hira da ita. Da aka yaye ta ɗakin Ya Kaltume ta koma, a can ta girma. In ina son ta san wani abu sai in gaya wa tsohuwa, tsohuwa ta gaya mata. Amma idonta yana kan murhuna tun tana ƙarama. Ita ke wanke kwalabe, ita ke miƙa wa babanta kaba. Ta ga mata sun zo suna lalube sun koma suna gani. Ta auri wanda take so, Ado, tela a Malam Madori, yaro mai ladabi. Ya Kaltume ta rasu ba da daɗewa ba bayan bikin, Allah ya jiƙanta. Da ita aka binne hanyar da magana ke bi tsakanina da 'yata.

Tun da aka gina madatsun ruwa can sama wajen Kano, ambaliya ta fara raguwa. Amma shekarar da sojoji suka canza launin kuɗi, tun muna ƙarƙashin Kano ba a yi Jigawa ba, wannan dabam ce. Sama ta ƙi, kogi ya ƙi. Fadamar da muke shiga da gora, jakuna suka riƙa ratsa ta. Shinkafa ta bushe a tsaye. Ruwa bai rage ba sai a 'yan kududdufai. Malam ya bi ayarin masunta zuwa Tafkin Chadi neman abin da za mu ci, ya dawo da tari a ƙirji, bai ga ƙarshen sanyin shekarar ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kawo mini kifi mai rai, a kan tabarmar kaba ya cika, ƙafafunsa sun bushe kamar ba su taɓa shiga ruwa ba. Na shiga takaba.

Ina cikin takabar nan Ɗanjuma ya yi sallama da kwando a ka. Ɗan abokin Malam ne, a gabana aka haife shi. Ya sauke ya tsuguna.

"Inna, ga kawara na samo miki. Kada murhun Baba ya mutu."

Na buɗe ganyen da ya rufa. Kawara ce, gaskiya, amma tare da ita akwai 'ya'yan tarwaɗa kamar yatsa, da 'ya'yan karfasa da ko koma ba ta riƙe su, har da kwaɗi biyu. Cikinsu ya yi laushi tun rana ba ta yi zafi ba. Ga kwando cike da kifi a tsakar gida, ƙuda bai sauka a kai ba. Na sunkuya, sai wani wari ya bugi hancina, irin na maganin da ake fesa wa ƙwari a gona.

"Ɗanjuma, da me ka kama?"

Na ɗago kwaɗo ɗaya na nuna masa.

"Kwaɗo ma koma ta kama shi?"

"Inna, kowa haka yake yi yanzu. Murfi ɗaya za ka zuba a kududdufi, komai ya taso. Mu ma shi muke ci a gida, ga ni ban mutu ba."

"Kai tsoka kake ci, kai kuma ƙato ne. Ni kitse nake tarawa, na kifi ɗari a kwalba guda, in ba wa mai ciki."

"To in bar yarana su kwana da yunwa saboda cikin matan wasu?"

Na ɗebo masa ɗan geron da ya rage mini, na ce ya ɗauke kwandonsa. Bayansa wasu sun kawo, kowanne da rantsuwarsa cewa nasa na koma ne. Wani na gane, wani ban iya ganewa ba, don sun koyi tsince ƙananan su wanke sauran. Da na ga ba zan iya rantsewa a kan kowane kwando ba, sai na kife tukunya, na watsa tokar murhu.

Mata suka yi ta zuwa. Shekarar yunwa ce, dundumi ya yi yawa. Na riƙa ce musu babu, su je awo, su nemi zogale da ɗan manja da ƙwai in sun samu. Wata tsohuwa da ta kawo jikarta ta tsaya a ƙofata ta ce, "Tabawa, mijinki ne ya mutu ko imaninki? Ko ɗan tsiyaye babu?" Na ce babu. Ta tafi tana cewa na ɓoye wa masu kuɗin birni.

Abin da ban sani ba, ina zaune a ɗaki, shi ne yunwa ta sa mata sun fara sayar da duk abin da ke gida. Masu sayen kwalabe suna bi gida gida. Kwalabena da ban zagaya na karɓa ba, da saƙar Malam a wuyansu, suka taru a hannun wani mutum mai keke. Ban taɓa ganinsa ba, har yau ban san sunansa ba. Shi ya riƙa sayen kifin da na ƙi.

Labarin cikin Lami a bakin Asabe mai daddawa na ji shi, maƙwabciyata da ke cin kasuwar Malam Madori. Ta ce, "Inna, 'yar mutanen nan fa ta yi nauyi." Na sunkuyar da kai kamar yadda uwa ke yi in an yi maganar ɗan fari, na ce, "Allah ya raba lafiya." Da za ta koma na ɗaura mata busasshen zogale da ɗan manja, na ce ta ba wa uwar mijin, ta ce a kai yarinyar awo. An kuwa kai ta, tana shan ƙwayarta. Maganar na daina suya ban aika ba. Duk ƙasar Guri an sani, na ɗauka duniya ta sani.

Ashe dundumi ya kama ta. Ita kuwa ta san maganinsa tun tana goye. Amma yaya za ta aiko wa uwarta cewa tana da ciki tana son mai? Ta gaya wa mijinta. Shi kuma yaya zai zo gaban surukarsa mai takaba da wannan magana? Ranar kasuwa ya ga mai keke yana kiran, "Man Tabawa ta Guri, na masu ciki!" Ya sayi biyu ya kai mata. Ta duba wuyan kwalbar ta ce shi ne.

Na fita takaba da 'yan kwanaki aka kawo ta, da hantsi, a bayan a-kori-kura. Lokacin zuwa goyon ciki bai yi ba, amma jikinta ya ƙi. Ta rame, amai take yi, kanta na sara, hannuwanta suna rawa kamar na tsohuwa. Aka shigar da ita ɗaki. Ina kwance ƙunshin kayanta sai hannuna ya taɓa kaba. Na jawo. Kwalbata ce, ƙullin Malam ne, mai ya kusa ƙarewa. A ido ba shi da aibi, ni kaina da daga nesa na hango shi da na ce nawa ne. Na zare totuwar na shinshina. Akwai kifi, akwai man gyaɗa da aka sirka, can ƙasa kuma akwai warin kwandon Ɗanjuma.

Na fita zaure da ita a hannu. Ado yana tsugune, kansa a ƙasa. Ban taɓa yi masa magana baki da baki ba sai ranar.

"Wa ya ba ku wannan?"

"A kasuwa na saya, Inna. An ce naki ne."

"Ta nawa ce?"

"Ta biyun ce. Da ta ga jikin ya ƙi sai ta ƙara cokali, ta ce na Inna ba ya cutarwa."

Na ce a tsayar da motar, kada ta juya.

Muna kan hanyar Hadeja jijjiga ta kama ta. Na sa gefen zanena a bakinta, ban san ma ko daidai na yi ba. Sista Rifkatu ce ta karɓe mu. Suka yi abin da za su iya, ita da likita. Kafin azahar aka fito da ɗan, namiji, bai zo da rai ba. Na nuna wa Sista kwalbar, ta shinshina ta mai da totuwar.

"Sista, shi ne?"

"Mama, ba zan yi miki ƙarya ba. Akwai jijjigar da ke kama mai cikin fari ko ba ta sha komai ba. Guba ma tana sa irin wannan. Ba mu da abin da za mu auna mu raba miki su a nan."

"Ke dai me kika gani?"

"Na ga abin da bai kamata mai ciki ta sha ba. Iyakar abin da na sani ke nan."

Lami ta cika kafin magariba.

Bayan an yi sadakar bakwai na ɗauki buhu na fita. Na bi Guri, na bi Kaugama, na bi Malam Madori, gida gida, ina cewa duk mai kwalba da kaba a wuya ta ba ni, cikakkiya ko wofi. Na tsaya a kasuwanni na ɗaga murya, ni da ban taɓa talla da ihu ba, na ce Tabawa ba ta suya, duk wanda ya ce nata ne maƙaryaci ne. Mai keken ya ɓace. A wasu gidajen na tarar an sha an haihu lafiya, a wasu na tarar an yi ɓari, ba wanda ya san dalili, shekarar ma kowa da abin da ya rasa. Kwalaben da na tara na farfasa su a wani rami bayan gari, na tsittsinke kabar da wuƙar fiɗata. Aikin hannun Malam ne, shi kaɗai ya rage mini nasa, na bi shi ɗaya bayan ɗaya na yanke. Ɗanjuma ya zo ya tsuguna a ƙofata yana kuka, ya ce shi ma ya sayar wa mai keken. Na ce ya tashi. Yaransa suna raye, na ga ɗaya ma kwanan baya da komarsa.

Ruwa ya dawo daga baya, ko da yake bai koma kamar da ba, ciyawar kacala ta cinye rabin hanyoyinsa. Kawara ma ta dawo. Mata sun roƙe ni, Sista da kanta ta ce in ɗora. Ban iya ba. Da ina da ko kwalba ɗaya tawa a shekarar nan, da na aika mata ta hannun Asabe ba tare da an yi magana ba, da ba ta kalli ta kasuwa ba. Da kuma na karɓi kwandunan nan na soya, da wataƙila da hannuna zan ba ta, in ba 'ya'yan wasu. Nan nake tsayawa kullum, ba gaba ba baya.

To kun ji sana'ar da kuka ce kifi ce da wuta. In za ku yi, ku san mai kama muku kamar yadda na san Malam. Ku ware hanta, ku kiyayi rana, kada ku ba wadda ba ta je awo ba. In kuwa ku ne masu cikin, kada ƙyallin ƙwaya ko kyan kwalba ko sunan wata ya ishe ku. Ku ɗauka ku kai wa masu awo su gani. Ku tambayi uwayenku da baki, ko ku ne 'ya'yan fari, ko za a ce ba ku da kunya. A ce ɗin.

Abu ɗaya ya rage ban faɗa ba. Da la'asar ɗin ranar, jijjigar ta lafa, ta buɗe ido. Na hau gadon asibitin na ɗora kanta a cinyata, a gaban Sista, a gaban uwar mijinta, a gaban kowa. Na kira ta da sunanta na yanka. Ranar ce kaɗai ya taɓa fitowa daga bakina. Ta dube ni kamar ba ta gane da ita nake ba, sannan ta ɗan yi murmushi. Ta lalubo hannuna, ta ce:

"Inna, kada ki yi wa Ado faɗa. Ni na ga kabar. Na ce saƙar Baba ce, man Inna ne, me zai same ni?"